Me ya sa Ben ya juya wa Willard baya?

Kun ga guntun bidiyon nan da ke ta yawo, wanda ɓeraye suka yi wa wani saurayi rubdugu a ɗakin sama. Kowa sai cewa yake yi, ai ga sakamakon kiwon ɓera nan, ka ciyar da shi ya cinye ka. To, an yanke muku wurin da labarin ya karya kwana ne.

Sunan fim ɗin Willard, ya fito a Amurka a 1971. Daniel Mann ne ya ba da umarni, an kuma ɗauko labarin daga wani littafin Stephen Gilbert. Wannan mai sunkuyar da kan shi ne Willard, Bruce Davison ke nan. Shekararsa 27, ba aboki, ba budurwa. Ku dubi bikin zagayowar ranar haihuwarsa: duk tsofaffi ne, abokan mahaifiyarsa. Wannan mai ƙaton murya kuwa Martin ne, Ernest Borgnine, wanda ya ƙwace kamfanin mahaifin Willard, ya bar ɗan a matsayin ƙaramin ma'aikaci yana yi masa tsawa kullum.

Uwar ta ce ya kashe ɓerayen bayan gida. Ya yaudare su da abinci zuwa tsakiyar wani busasshen kududdufi, ya janye katakon da suka taka, ya sakar musu ruwa. Sai tausayi ya kama shi, ya mayar da katakon suka tsira. Ku riƙe wannan ruwan, za mu dawo kansa.

Daga nan abin da sauri yake. Ya koya musu jin umarni, uwa ta rasu, bashi ya hau gidan, ɓeraye sun hayayyafa sun cika ɗakin ƙasa. Tun kafin rasuwar uwar ya sake su a liyafar Martin, manyan mutane suka hau kan kujeru suna ihu. Wannan wurin kam ni dariya yake ba ni.

Yanzu ku natsu. Ɓeraye biyu ne suka fi muhimmanci. Farin nan Socrates, shi ne ɗan lele, shi ke kwana a ɗakin maigida. Baƙin nan mai girma shi ne Ben, kuma tun farko Willard bai ba shi matsayin da ya ba wa farin ba. Ana korar sa yana dawowa. Masu yaɗa bidiyon sun ɗauka Ben ne aminin. A'a, Ben na aiki ne.

Wata rana Willard ya tafi da su biyun ofis ya ɓoye su a sito. Aka gan su, Martin ya ɗauko sanda ya kashe Socrates. Willard yana tsaye, bai ce uffan ba. A tsayar da hoton nan. Kun ga wa ke leƙowa daga sama? Ben ya ga komai, ya ga wanda ya yi dukan, ya ga wanda ya yi shiru.

Da dare Willard ya kwaso rundunarsa ya zo wa Martin, ya ce su yayyaga shi. Suka cika umarni, Martin ya faɗo ta taga ya mutu. Ga abin da aka yanke: Willard ya dubi Ben, ya yi masa sallama, ya rufe ƙofa ya bar shi a can. Da ya isa gida sai ya zuba sauran ɓerayen a akwatuna ya nutsar da su a ruwa, a kududdufin nan da ya taɓa ceton su daga cikinsa. Ya toshe ramuka, ya gayyato Joan abokiyar aikinsa cin abinci, wai ya buɗe sabon shafi.

Ana cikin hira ya ɗaga kai, sai ga Ben a kan kantar ɗakin. Ko a nan ma bai daddara ba, sai ya yi alkawarin ba su abinci, ya zuba guba a ciki. Ben ya shinshina kwalin ya yi ƙara. Daga nan ne bidiyon naku ya fara, Willard yana ihu cewa ai ya kyautata wa Ben. A ganina, wannan ce ƙarya mafi girma a fim ɗin, don abin da Martin ya yi masa shi ma ya yi wa na ƙasa da shi.

Saura abu biyu a gurguje. Waƙar Michael Jackson mai suna Ben, wadda wasu ke ɗora wa hotunan aminansu, ta ɓeran nan ce. An yi ta ne don fim na biyu da ya fito a 1972, inda Ben ya yi abota da wani yaro mai ciwon zuciya. Ta kai lamba ɗaya a Amurka lokacin Michael yana ɗan shekara 14.

An sake yin Willard a 2003 da Crispin Glover. Ku dubi Ben ɗin ciki da kyau, wannan kumatun da wannan doguwar jelar. Gafiya ce, irin tamu ta Afirka, da ita aka yi wasan.