Harsashin da Ya Kuskure, Ina Yake Zuwa?

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai da ɗalibai, na yi wa masu shirya wannan zama alkawarin taɓa abubuwa uku game da harbin 'yan sanda, wato saiti, doka da horo.

Na farko saiti. A shekarar 2008 cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin Niyok na Amurka daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa a lokacin musayar wuta harsashi 18 cikin 100 ne kawai ke samun wanda aka auna, idan kuma ba a mayar musu da wuta ba, kusan 30. Ku lura, waɗannan ma'aikata ne masu zuwa filin atisaye. Sai dai allon da suke harbi a can ba ya gudu, ba ya ramawa, alhali idan tsoro ya kama mutum zuciyarsa takan yi ta dukan uku-uku, hannu ya ɗauki rawa, ido ya kafe a kan abu guda har ya daina ganin na gefe.

To, sauran 82 ɗin ina suka tafi? Ina so ku riƙe wannan tambaya, domin harsashi ba ya narkewa a iska. A 2012, kusa da ginin Empire State a birnin Niyok, 'yan sanda biyu sun yi harbi 16 a kan mutum ɗaya mai bindiga, suka kashe shi, amma masu wucewa tara suka jikkata. Yanzu ku ɗauko wannan lissafi ku ajiye shi a babbar kasuwar Maraɗi da hantsi, tsakanin 'yan kabu-kabu da 'yan talla da masu amalanke, ku gaya mini wa zai kwashi 82 ɗin. Harbin sama ma da ake yi don tarwatsa taro, abin da ya hau sai ya sauko. Na ga Alhaji yana murmushi. Na san a fim jarumi yakan harbe wuƙa daga hannun mugu, amma Alhaji, a fim darakta ne ke riƙe da harsashin. Masu cewa a harbi ƙafa kuwa, ƙafar mai gudu ta fi ƙirji wuyar samu, kuma a cinya akwai babbar jijiyar da in ta tsinke jini kan ƙare cikin 'yan mintoci.

Na uku, a'a, na biyu ne, doka. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da su a Habana, babban birnin Kyuba, a 1990 sun ce ba a harbi da niyyar kisa sai idan babu wata hanyar kare rai. Batun horo kuma, lokaci ya ƙure, ba za mu samu taɓa shi ba.

(Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, idan ɓarawo ya ƙwace babur ya gudu fa?)

Madalla da wannan tambaya, ɗana. A 1974 a birnin Memfis na Amurka ɗan sanda ya harbe Edward Garner, yaro ɗan shekara 15 da ba ya ɗauke da makami, yana ƙoƙarin tsallake shinge bayan ya shiga wani gida ya ɗauki dala 10 da jaka. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa gudu kaɗai bai halatta harbi ba, sai in akwai dalilin ganin mai gudun zai kashe wani ko ya ji masa mummunan rauni. Saboda haka ɓarawon baburinka, in ba ya barazana ga ran kowa, a bi shi, a ɗauki lamba, a tare shi a shingen gaba. Mai tambaya ta biyu, bismillah, Hajiya.