Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Aka Yi Fim ɗin Mughal-e-Azam

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako da dama sun taru a kan fim guda, wato Mughal-e-Azam na ƙasar Indiya, wanda aka fara nunawa ranar 5 ga Agusta, 1960. Saboda haka muka ba shi filin gaba ɗaya.

Wasiƙar farko ta wata Hajiya ce, wadda ta ce tun tana ƙarama take kallon fim ɗin, kuma tana son sanin ko soyayyar Yarima Salim da Anarkali ta faru da gaske.

To Hajiya, bari mu fara tuna wa waɗanda suka manta labarin. Sarki Akbar na daular Mughal a Indiya ya daɗe bai sami magaji ba, sai ya taka da ƙafa zuwa wurin wani waliyyi neman addu'a. Aka haifi Salim, ya taso a shagwaɓe, uban ya tura shi fagen yaƙi shekara 14 don ya horu. Da ya dawo sai ya kamu da son Anarkali, baiwa mai rawa a fada. Sarki ya ce baiwa ba za ta zama sarauniyar Hindustan ba, ɗa ya ɗaga wa uba takobi, aka ci shi da yaƙi, Anarkali ta ba da ranta fansar nasa, aka yanke a gine ta da rai cikin bango. A ƙarshe Akbar ya fitar da ita a ɓoye ta hanyar ƙarƙashin ƙasa, saboda wani alkawari da ya taɓa yi wa mahaifiyarta ranar da ta kawo masa albishir ɗin haihuwar Salim.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, an haifi Salim a 1569, kuma sunan Shehu Salim Chishti na Sikri aka sa masa. Tawayen ma ya faru, domin Salim ya kafa tasa fadar a Allahabad wajen 1600, har ya sa aka kashe Abul Fazl, na hannun daman ubansa, a 1602. Amma gajen haƙurin jiran gadon sarauta ne ya kai shi ga haka. Shi ne ya zama Sarki Jahangir a 1605. Ita kuwa Anarkali, babu sunanta a tarihin fadar Akbar, babu kuma a littafin da Jahangir ya rubuta kan rayuwarsa. Wani ɗan kasuwa Bature mai suna William Finch, wanda ya je Lahore wajen 1611, yana cikin waɗanda suka fara rubuta labarinta kamar yadda ya ji shi a bakin mutane, kuma har yau akwai kabari a Lahore da ake dangantawa da ita. Fim ɗin ya samo tushensa ne daga wasan kwaikwayon da Imtiaz Ali Taj ya rubuta a 1922. A wasan mutuwa ta yi, masu fim ne suka buɗe mata hanyar tsira don kada Akbar ya fito a matsayin azzalumi.

Wani malamin makaranta ya rubuto yana tambaya ko gaskiya ne an shafe shekara 16 ana aikin fim ɗin, kuma me ya riƙe shi haka.

Malam, idan aka ƙirga daga 1944, lokacin da darakta K. Asif ya fara shirinsa, zuwa 1960, lissafin ya fita. Sai dai ba duk shekarun aka yi ana ɗauka ba. An fara ne da wasu 'yan wasa dabam, Chandramohan a matsayin Akbar, Nargis a matsayin Anarkali, da kuɗin wani attajiri Shiraz Ali Hakim. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, mai kuɗin ya koma Pakistan, aiki ya tsaya cak. A 1949 Chandramohan ya rasu, abin da aka riga aka ɗauka ya tashi a banza. Shapoorji Pallonji, babban ɗan kwangilar gine-gine na Bombay, shi ne ya karɓi nauyin, aka sake sabon lale a farkon shekarun 1950 da Prithviraj Kapoor a matsayin Akbar, Dilip Kumar a matsayin Salim, Madhubala kuma a matsayin Anarkali.

Daga nan kuma halin Asif ne ya ja lokacin, domin mutum ne da ba ya yarda da jabu. Maɗinka daga Delhi aka ɗauko, masu aikin zare daga Surat, maƙeran zinariya daga Hyderabad, masu yin kambun sarauta daga Kolhapur, maƙeran sulke da makamai daga Rajasthan, takalma kuma daga Agra. Mutum huɗu suka rubuta maganganun fim ɗin da Urdu mai zurfi, cikinsu har da Kamal Amrohi da Wajahat Mirza. Alƙaluman da aka ruwaito sun nuna an kashe tsakanin rupi miliyan 10 da rabi zuwa miliyan 15, abin da babu fim ɗin Indiya da ya taɓa ci kafin nan.

Tambaya ta uku ta fi kowacce daɗi a wurinmu. Wani matashi mai sana'ar ɗaukar hoto ne ya ce yana mamakin yadda aka ɗauki rawar Madhubala a zauren madubai ba tare da hasken fitilu ya ɓata hoton ba, alhali shi madubi ɗaya ma yana ba shi wahala a wurin biki.

Ɗan'uwa, ka taɓo inda ke yi wa masu fim ɗin ƙaiƙayi. Zauren da ake kira Sheesh Mahal an gina shi ne a Mohan Studios da ke Bombay, ana kwaikwayon wanda ke cikin ganuwar Lahore. Tsawonsa ƙafa 150, faɗinsa ƙafa 80, tsayinsa ƙafa 35. Gilashin daga Beljiyam aka kawo shi, ma'aikata daga Firozabad, garin da ya shahara da aikin gilashi, suka yi ta yanka shi ƙanana suna mannawa a bango da ginshiƙai da rufi. Shekara biyu aka yi ana wannan aiki, kuma kuɗinsa ya kai rupi miliyan ɗaya da rabi, wanda ya isa a yi cikakken fim a wancan zamani.

Sai da aka gama aka kunna fitilu, sannan matsalar ta bayyana. Fim mai launi na wancan lokaci ba ya kama hoto sai da haske mai yawan gaske, don haka dole a kunna manyan fitilu. Madubi kuwa ba ya shan haske, mayar da shi yake yi kai tsaye, kamar yadda za ka haska tocila a madubi cikin duhu ta dawo ta kashe maka ido. To ka ƙaddara dubban ƙananan madubai, kowanne yana kallon wata kusurwa dabam. Duk inda aka ajiye fitila sai an sami ɗaruruwan da za su jefa haskenta cikin idon kyamara, hoton ya cika da fararen tabo, fuskar 'yar wasa ta ɓace. Idan an rage fitila hoto ya yi duhu, idan an ƙara ƙyalli ya ƙaru. An ruwaito cewa ƙwararru daga ƙasashen waje, har da daraktan Ingila David Lean, sun ba da shawarar a haƙura da wurin.

Mai ɗaukar hoton, R. D. Mathur, bai haƙura ba. Dabara biyu aka haɗa. Ta farko, aka shafa wa madubai kaki siriri, wanda ya dusashe ƙyallinsu amma bai hana su nuna siffar mai rawa ba. Ta biyu, aka daina haska zauren kai tsaye. Aka shimfiɗa ƙyallaye, aka juya fitilu suna dukansu, hasken ya dawo cikin zauren a warwatse, a tausashe. Hasken da ya fito daga faffaɗan wuri ba ya barin tabo mai kaifi a madubi kamar na ƙwan fitila guda. Da haka aka sami hoton nan da Madhubala ke juyawa, siffarta tana bayyana a ɗaruruwan madubai lokaci guda, Akbar yana kallo idanunsa sun kaɗa. Dabara ta biyun za ta yi maka aiki ko gobe: juya fitilarka ga farin bango ko farin ƙyalle, sannan ka ɗan kauce daga fuskantar madubin. Mathur ya sami kyautar fina-finan Indiya ta Filmfare a kan wannan fim, kuma a ganinmu ya cancanta fiye da kowa. Wani abin lura ga Hajiya mai son tarihi, zauren Lahore na asali Shah Jahan ne ya gina shi wajen 1631, wato jikan Akbar, bayan rasuwar kakan da shekaru.

Ita waƙar da aka yi rawar a kanta, Pyar Kiya To Darna Kya, Lata Mangeshkar ce ta rera, Naushad ya tsara kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta. Tunda babu na'urar sa wa murya amsa-kuwwa, sai Naushad ya sa ta rera a banɗakin situdiyo, inda bangaye masu santsi ke mayar da sauti, don mai sauraro ya ji kamar a babban zaure ake.

Wasiƙa ta gaba tana tambaya ko da gaske sojoji aka yi amfani da su a wurin yaƙi, da kuma sarƙoƙin da aka ɗaure Anarkali da su. Eh, rundunar sojin Indiya ta ba da aron dakaru, kuma an ruwaito cewa mutum 8,000 da raƙuma 2,000 suka shiga fagen, ban da dawakai. Sarƙoƙin ma na ƙarfe ne na gaske, masu nauyi, duk da cewa Madhubala tana fama da ciwon zuciya da aka haife ta da shi. Sun ƙuje mata fata, ta sha jinya, kuma wannan wuri ne da muke ganin Asif ya wuce gona da iri, domin da an yi masu sauƙin nauyi babu mai kallon da zai gane. Ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Mai wasiƙar ya kuma tambaya game da ita da Dilip Kumar. Sun yi soyayya a zahiri, suka rabu ana tsakiyar aikin, har ta kai lokacin da aka ɗauki fitowar nan da yake shafa mata gashin tsuntsu a fuska ko gaisawa ba sa yi. Muryar da ke tashi a wannan fitowa ta Ustaz Bade Ghulam Ali Khan ce. Ba ya son waƙar fim, sai ya yanka rupi 25,000 kan waƙa ɗaya don a rabu da shi, a lokacin da manyan mawaƙa ke karɓar ɗaruruwa, Asif kuwa ya amince nan take.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce, wadda ta ce ita mai launi ta gani daga farko har ƙarshe, amma mahaifinta ya dage cewa baƙi da fari ne. 'Yar'uwa, ke da Baba duk kuna da gaskiya. An fara ɗaukar fim ɗin baƙi da fari, launi ya fara yaɗuwa a Indiya ana cikin aiki. Asif ya ɗauki waƙar zauren madubai da wani ɓangare na ƙarshe da launi, ya ga kyansu, ya ce a sake fim ɗin duka. Masu rarraba fim da suka gaji da jira suka ƙi, don haka aka sake shi a gauraye, launi kamar kashi 15 cikin ɗari, tsawonsa minti 197. An ƙaddamar da shi a silimar Maratha Mandir ta Bombay, inda giwa ta kawo faya-fayan fim ɗin, kuma ya riƙe kambun samun kuɗi har shekara 15.

Wanda kika gani na Nuwamba 2004 ne. Tunda hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa guda, hotunan sun kusa 300,000, kuma sai da aka bi su aka goge fumfuna da ƙarce, aka shigar da su kwamfuta, kafin a zo maganar launi. Manhajar da aka yi amfani da ita ba ta karɓar launi sai wanda duhunsa ya dace da tokar da ke hoton asali, don kada a rusa hasken da Mathur ya tsara. Aka sake ɗaukar kiɗan ƙarƙashin kulawar Naushad, aka bar muryoyin mawaƙa na asali, aka rage tsawon zuwa minti 177. Asif bai ga wannan ba, domin ya rasu tun 1971.

Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.