Hayaƙin da aka kora daga Beljik ya riga ni zuwa Yamai

Assalamu alaikum jama'a. Yau ba daga Anvers ta Beljik nake muku magana ba, ga ni a Yamai cikin taksin Kawuna, mun maƙale a cunkoso za mu hau gadar Kennedy. Bari in juya kamara. Kun ga abin da ya lulluɓe kogin Isa? Rabinsa hazon hunturu ne, wannan na Allah ne. Sauran kuwa daga salansar motar gabanmu yake fitowa. Kawu, don Allah a ɗaga gilashi. To, ya ce gilashin ya daina ɗaguwa tun bara.

Abin da ya sa na kunna kamara, wannan motar ta gaba sak irin wadda nake da ita a can ce, tsohuwa mai shan gazuwal. A 2017 birnin Anvers ya kafa dokar hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga tsakiyar gari, in ka shiga kamara ta ɗauki lambarka, takardar tara ta iske ka har gida. Na gaji, na kai ta unguwar Heyvaert a Bruxelles na sayar. Duk wanda ya san wurin ya san motocin can jirgin ruwa suke hawa zuwa Afirka ta Yamma. Ashe hayaƙin ba mutuwa ya yi ba, ƙaura ya yi, kuma ni na raka shi tasha.

Man ma haka. A Turai, tun 2009 farar wutar da ke cikin gazuwal da esansi ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man gidajen mai a wasu ƙasashen Afirka, ta sami gazuwal mai farar wuta ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A tashoshin Anvers da Rotterdam da Amsterdam ake haɗa da yawa daga cikinsa, wato a bakin ƙofata. Farar wutar nan in ta ƙone ita ce ke ƙara ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da ke wucewa har cikin huhu. Holan ta hana fitar da irin wannan mai a 2023, Beljik ta bi sahu a 2024.

Amma dokar Beljik iyakarta bakin tekun Beljik. Ba ruwanta da man da ake tacewa a SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana, balle kwalaben 'yan ruwa-ruwa na hanyar Ƙonni. Tamu dokar fa? A watan Fabrairu 2020 ministocin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sun zauna a Wagadugu, suka amince kada farar wuta ta wuce kashi 50 cikin miliyan, kuma ƙaramar motar da za a shigo da ita kada ta haura shekara 5, babba shekara 10. Mu kuwa mun fita daga CEDEAO a Janairun 2025. A ganina wannan na cikin abin da ya kamata AES, ƙawancenmu da Mali da Burkina Faso, ta ɗauko ta rubuta da hannunta, don huhu bai san ƙungiya ba.

Kawu yana girgiza kai. Faɗi mana, Kawu. Ya ce, "Ɗana, motar nan ta girme wa ƙanenka. In an ce sai 'yar shekara 5, kai za ka saya mini?" Wallahi ban da amsa. Ni dai na ce masa a fara da mai, tunda mai in ya gyaru ko tsohon inji hayaƙinsa na raguwa, ba sai an raba kowa da abincinsa ba. Ya ce in dai lita ba za ta ƙara kuɗi ba.

Mun sauka Harobanda yanzu, Gorou Banda muka nufa. Can akwai tashar lantarki mai ƙona mai, megawat 80, da aka buɗe a 2017, kusa da ita kuma ta hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023. A 2023 ɗin ne Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Ƙanwata ta ce a lokacin, a layinsu kowane shago da janaretonsa a bakin ƙofa, yara na barci a tsakar gida cikin hayaƙin. Babbar tasha aƙalla wuri guda take, ana iya zuwa a auna abin da take fitarwa. Janareton mai shagon sanyi da na tela da na mai cajin waya, wa zai bi su ɗaya-ɗaya?

Kawu ya kauce hanya, wai allurar mai ta kwanta. Ga wani yaro da kwalabe uku a kan tebur, Kawu kuma ya miƙo mini hannu. Jika nawa, Kawu? Bari in ajiye kamara in laluba aljihu.