Yadda nake koya wa 'yata gano jigon abin da ta karanta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Amurka. Yau zancen karatun yara za mu yi, musamman iyayen da yaransu ke firamare, don wallahi akwai yaron da zai karanta maka shafi guda tsaf babu gargada, amma ka ce masa to me rubutun yake cewa sai ya tsaya yana kallonka.

Ga takardar da malamarsu ta ba 'yata, bari in matso da kyamara ku gani. Sakin layi ɗaya ne a kan raƙumi: tozonsa na ajiye kitse, gashin idonsa dogo ne yana tare rairayi, yana iya rufe ƙofofin hancinsa in iska ta taso, tafin ƙafarsa mai faɗi ne ba ya nutsewa. Na tambaye ta jigon, ta ce wai raƙumi yana toshe hancinsa. Kun gani ko, abin da ya fi ba ta dariya shi ta ɗauko, kuma yara da yawa haka suke yi, wasu kuma su ce "raƙumi" kawai su yi shiru, alhali wannan batun ne kawai, ba a faɗi me ake cewa a kansa ba.

A nan jihohi da yawa suna bin tsarin Common Core da ya fito a 2010, wato ƙa'idojin abin da ake so yaro ya iya a kowane aji, ɗan aji na share fage ana so ya faɗi batun da taimakon malami, sai a aji uku ne ake sa ran ya fito da jigon da kansa har ya nuna bayanan da ke goyon bayansa. Don haka in yaronki shekararsa biyar dan Allah kar ki matsa masa, lokaci bai yi ba.

Dabarar da nake amfani da ita daga wani shirin koyar da karatu ne da ake kira PALS na Jami'ar Vanderbilt, kuma abu uku ne kawai. Wa ko me ake magana a kai? Raƙumi. Mene ne abu mafi muhimmanci da aka faɗa a kansa? Nan ne aikin yake, sai in riƙa nuna jimlolin ɗaya bayan ɗaya da yatsa ina tambaya, tozon nan da gashin idon nan da tafin ƙafar nan me ya haɗa su, duk amfanin me suke masa, har ta ce suna taimaka masa a hamada. Sai na uku, ta faɗe shi a kalma goma ko ƙasa da haka tana ƙirgawa da yatsu. Ta ce "jikin raƙumi ya dace da zaman hamada", kalma bakwai. Iyakar kalma goman nan ita ce ke hana yaro ya maimaita maka sakin layin gaba ɗaya.

Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne a ce wa yaro jigo kullum yana jimlar farko. Wani lokaci yana ƙarshe, wani lokaci ma marubucin bai rubuta shi ba sam, kai za ka haɗa.

Sannan fa dabara ita kaɗai ba ta isa. A 1988 wasu masu bincike biyu, Recht da Leslie, sun ba ɗalibai rubutu a kan wasan besbol, waɗanda karatunsu ke da rauni amma sun san wasan sai suka fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimta. Shi ya sa kafin mu buɗe takardar nan sai da muka kalli bidiyon hamada muka yi hira a kai da Hausa, sannan ta karanta da Turanci. Gobe sakin layi biyu za mu gwada, kowanne da nasa kalma goman.