Makarantar Zane Da Ta Girma Cikin Tsofaffin Gine-gine

Assalamu alaikum masu kallo, barkanku da warhaka daga nan Maradi. Yau za mu leƙa birnin Sabana da ke jihar Jojiya a Amurka, mu ga wata makarantar koyon zane da ƙira da ake kira Savannah College of Art and Design, wato SCAD a taƙaice.

An kafa ta a 1978. Mutum huɗu ne suka haɗa hannu, cikinsu har da Paula Wallace, malamar firamare, da iyayenta. Da aka fara karatu a 1979, ɗalibai 71 ne kacal. Ba su je bayan gari sun yanki fili sun zagaye shi da katanga ba, kamar yadda muka saba gani in za a yi jami'a. Wani tsohon gidan ajiyar makamai na sojojin sa-kai, wanda aka gina tun 1892, shi suka saya suka gyara.

To, daga nan sai abin ya zama al'adarsu. A lokacin, tsofaffin gine-gine da yawa a tsakiyar Sabana an yi watsi da su, kuma suna da araha. Makarantar ta dinga saye ɗaya bayan ɗaya. Tsohon kanti ya koma ɗakin karatu. Gidan sinima ya koma dandalin wasanni da nuna fina-finai. Gidan yari na gundumar ma bai tsira ba, shi ma ya shiga hannunsu. Ginin kamfanin jirgin ƙasa na 1853 kuwa, yanzu gidan nune-nunen zane ne. Ɗalibi zai fito daga aji, ya bi titi cikin jama'a, ya shiga wani ajin a wata unguwa. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi komai: mai koyon zanen gini yana zaune cikin ginin da yake nazari, yana taɓa tubalinsa da hannu.

Sai makarantar ta miƙa ƙafa wajen Sabana. A 2002 ta buɗe reshe a ƙauyen Lacoste na Faransa, a 2005 a Atlanta, a 2010 kuma a Hon Kon, cikin wata tsohuwar kotu. Wannan na ƙarshen an rufe shi a 2020.

Amma fa ba kowa ke tafa mata ba. Mazauna Sabana da dama suna kukan cewa bunƙasar makarantar ta sa kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, har talakawan da suka daɗe a tsakiyar gari suna komawa gefe.