Amsoshin Tambayoyinku: neman haƙƙin naƙasa da zaman jiran likitoci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Jos. Takardun da suka taru a wannan mako kusan duk hanyarsu ɗaya. Mutum ya samu naƙasa, ko wani nasa ya samu, an ce masa akwai haƙƙin da zai nema, ya nema, ga shi zaune yana jira. Na ɗauko huɗu daga ciki.

Ta farko daga Unguwar Rogo ta fito. Mai sauraronmu ya ce: "Ƙanena ya yi hatsari a babur, an yanke masa ƙafa. Ana ta gaya mana cewa gwamnatin tarayya tana biyan naƙasassu albashi duk wata daga Abuja. Wani ma ya ce mu kawo kuɗin fom zai sa sunansa. Yaya ake yin rajistar?"

Malam, Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ne. Kuɗin fom ɗin nan kada ka bayar. Babu wani albashin wata-wata da gwamnatin tarayya ke biyan kowane mai naƙasa don kawai yana da naƙasa. Inda maganar ta samo tushe, ina jin, shi ne Jigawa, domin a can gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu naƙasa naira 7,000 a wata tun 2007. To amma wannan tsarin jiha ne, na mutanen jihar.

Abin da tarayya ke da shi doka ce, wadda majalisa ta zartar a 2018, marigayi Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Janairun 2019. Ita ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, ita kuma ta kafa hukumar kula da su ta ƙasa mai hedikwata a Abuja. Mu a nan Filato hukumar ba baƙuwarmu ba ce: babban sakatarenta na farko, James Lalu, ɗan jihar nan ne, haka ma Ayuba Gufwan da aka naɗa a 2024, wanda mutanen Jos suka daɗe da sani wajen ƙera keken guragu. Wannan hukuma ce ke ba da takardar shaidar naƙasa. Dokar ta ce likitan da ke duba mutum, idan ya ga alamar naƙasa, zai iya ba shi shaidar wucin gadi da amincewar hukumar, wadda ba ta wuce kwana 180. In kwanakin suka cika lalurar tana nan, sai a ba da ta dindindin bisa shawarar likita.

Me takardar za ta yi wa ƙanenka? Da ita zai kafa hujja wajen neman aiki, tunda dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na gurabensu ga masu naƙasa. Akwai ilimi kyauta har zuwa sakandare, akwai ba su gaba a layi. Ba zan yaudare ka in ce ana cika duk wannan ba. An ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya ƙare tun Janairun 2024, amma har gobe za ka ga ana ciccibar mutum da kekensa a kan matakala. Duk da haka, mai takarda a hannu ya fi wanda ya zo da baki kawai.

Tallafin kuɗin da akan raba lokaci-lokaci kuwa, daga rajistar marasa galihu ake ɗauko sunaye, ita kuma a unguwa ake haɗa ta tare da mutanen unguwa, ba a sayar da fom ɗinta. Ku tabbatar yana da lambar NIN da asusun banki da sunansa. Ku leƙa hukumar kare haƙƙin masu naƙasa ta jihar Filato, ku kuma tambayi PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, batun inshorar lafiya, domin dokar inshorar lafiya ta 2022 ta lissafa masu naƙasa cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyi. Abu ɗaya ba ka faɗa mana ba: shin ƙanenka ma'aikacin wani ne, kuma a hanyar zuwa aiki ko komawa gida hatsarin ya same shi? In haka ne, ka kasa kunne ga amsa ta gaba, domin ta shafe shi.

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Bukuru. Ta ce: "Inji ya kama hannun maigidana a masana'antar da yake aiki, yatsu uku sun tafi, hannun ba ya riƙo. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti, suka ce sun tura takardunsa wajen masu biyan diyya. Yau wata 7 ke nan. Duk sanda ya je sai a ce a jira likitoci su tantance. Yanzu kuma sun kawo wata takarda wai ya sa hannu su ba shi wani abu a rufe magana. Ga yara, ga haya."

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Zan ɗan daɗe a kan taki, domin irin wannan jiran ne ke cinye haƙƙin mutane ba tare da sun ankara ba.

Dokar da ta shafi maigidanki ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, ke aiwatarwa. Kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, daga aljihunsa, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Saboda haka diyyar nan ba alfarmar kamfani ba ce. Dokar kuma cike take da wa'adi. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14 da faruwar abin. Wurin aiki ya sanar da hukuma cikin kwana 7. Sai babban, wanda nake so ki riƙe da kyau: takardar neman diyya, wadda ma'aikacin da kansa ke sa wa hannu, a shigar da ita cikin shekara 1 daga ranar rauni. Akwai sassauci har zuwa shekara 3 idan hukumar ta gamsu akwai uzuri na musamman, amma wannan ganin damarta ne, ba abin dogaro ba ne. Kun ci wata 7, saura 5.

To "mun tura" ba amsa ba ce. Ya nemi kwafin abin da aka tura, mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata. In an ba shi, madalla. In aka fara kame-kame, ya ɗauki takardun asibitinsa, da katin shaidar aiki, da takardar albashi ko bayanin banki, ya je ofishin NSITF da ƙafarsa ya tambaya ko akwai fayil da sunansa. In babu, a ranar ya cike fom. Rashin kai rahoto laifi ne a kan mai kamfani, ba a kansa ba.

Takardar rufe magana kuwa, dokar ta hana ma'aikaci ya yi yarjejeniya da ubangidansa ta yafe diyyar da ta tanadar masa, kuma ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi. Amma kada wannan ya sa ya sa hannu da gadarar ai banza ce. Warware abin da ka sa wa hannu aiki ne na lauya da watanni. Ya karɓi kwafi ya kai wa wanda ya san doka ko shugabannin ƙungiyarsu ta ƙwadago su karanta tukuna.

Yanzu batun jiran likitoci. A gaskiya wani sashe na jiran yana da dalili. Likita ba ya iya yanke cewa hannu ya rasa kaza daga cikin aikinsa alhali ciwon bai gama warkewa ba, ko ana tsakiyar gashin ƙashi. Sai rauni ya tsaya inda zai tsaya ake auna shi. Kuma a kan wannan awon kuɗin ke ratayuwa. Wanda naƙasar ta hana shi aiki kwata-kwata har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake biyansa duk wata. Wanda ta rage masa ƙarfi, kamar maigidanki, kashi 90 na abin da ya yi asara ake lissafawa. A ce yana ɗaukar naira 100,000, yanzu aikin da hannun zai iya bai wuce na 60,000 ba. Asarar 40,000 ce, diyyar sai ta kama 36,000 a wata. Misali na bayar don ki gane lissafin, adadin gaske sai abin da aka tantance. Ga wanda bai kai shekara 55 ba, biyan yakan ci gaba har ya kai 55, ko lokacin da hukumar ta gamsu zai yi ritaya. Hukumar tana kuma iya ɗaukar nauyin magani da hannun roba ko ƙafar roba, sai dai ya tambaya, kada ya zauna jiran a yi masa tayi.

Ga abin da na fi jin tsoro a ranar tantancewa, kuma halinmu ne. Bahaushe ko yana murƙususu, ka ce masa ya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Godiyar Allah wajibi ce, amma likitan kwamiti abin da ya ji da abin da ya gani yake rubutawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba ya iya ɗaura tazuge, ya faɗa. In buta tana suɓuce masa wajen alwala, ya faɗa. In sanyin Jos na Disamba yana hana shi barci saboda zugi, ya faɗa. Ki samo littafin makaranta na 'yan kuɗi kaɗan ki riƙa rubuta masa waɗannan, da ranakun zuwa asibiti, da sunan ofishin da aka je da abin da aka ce. Ƙari kuma kada ya yi, likitocin ƙashi sun ga hannaye da yawa kafin nasa. Takardun asali su zauna a gida cikin leda, kwafi ake miƙawa.

Idan sakamako ya fito bai gamsu ba, yana da kwana 180 ya nemi hukumar ta sake dubawa, a rubuce. In nan ma bai samu biyan buƙata ba, sai Kotun Ma'aikata, kuma tana da reshe a nan Jos.

Ta uku daga Rikkos. Dattijo ne, ko da yake shekarunsa ba su kai na dattijo ba. Ya ce: "Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekaruna 43. Ɓarin jikina ya shanye, 'yata ce ma ta rubuta wannan takarda. Ina so in ajiye aiki in karɓi fanshona, an ce sai na kai 50."

Yallaɓai, Allah ya ba ka lafiya, ya yi wa yarinyar albarka. Rabin gaskiya aka gaya maka. Dokar fansho ta 2014 ta ce ba a taɓa asusun ritaya kafin shekara 50, amma ta keɓe wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikinsa ba saboda lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Shi ana ɗaukarsa ne a matsayin wanda ya yi ritaya.

Roƙona gare ka, kada ka rubuta takardar ajiye aiki don gajiya da jira. Wanda ya bar aiki haka kawai kafin 50, abin da zai iya cira bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, shi ma sai ya yi wata 4 bai samu wani aikin ba, sauran kuma ya jira. Ka rubuta wa ma'aikatarka ka nemi a tura ka gaban kwamitin likitoci, takardar ritayarka ta fito ƙarara cewa saboda rashin lafiya ne. Da ita da rahoton likitocin za ka je kamfanin da ke riƙe da asusunka, su kuma su bi ƙa'idar PenCom, hukumar fansho ta ƙasa. Ka kuma shirya zuciyarka: abin da ke cikin asusun shi ne kashi 8 da ake cira daga albashinka, da kashi 10 na gwamnati, da ribar da suka haifa. Za a shimfiɗa shi ne a kan shekaru masu yawa, don haka na wata zai yi ƙasa da na wanda ya kai 60. Ka sa a lissafa maka a takarda kafin ka yanke shawara da iyalinka. In Allah ya kawo sauƙi daga baya, dokar ta ba ka damar neman a sake duba lafiyarka sau ɗaya duk shekara 2, in ka samu aiki ka koma cikin tsarin.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wani matashi a Barikin Ladi. Ramin kuza ya rufta da shi, bayansa ya taɓu, yana tambaya ko shi ma yana da diyya tunda ba shi da takardar ɗaukar aiki.

Ɗan'uwa, ya danganta da wa kake haƙa wa. Dokar 2010 ta ɗauki yarjejeniyar baki a matsayin yarjejeniya, ta kuma haɗa da ɗan ƙwadagon yini da mai koyon sana'a. In akwai mai rami da ke sa ka aiki yana biyanka, kai ma'aikacinsa ne a idon doka, sai dai tabbatar da hakan yana son shaidu: abokan aiki, saƙonnin waya, shigar kuɗi ta banki. Ka fara tattara su tun mutane ba su watse zuwa wasu ramukan ba. In kuwa don kanka kake haƙa kana sayarwa, wannan ƙofar ba taka ba ce, amsar da na ba mutumin Unguwar Rogo ita ce taka. Ko wanne ne, ka sa a yi maka hoton baya a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, ko asibitin ƙwararru na jiha, likita ya rubuta rahoto da kwanan wata, ko da kana zuwa wajen mai ɗori.

Lokaci ya cimma mana. Masu rubutowa a kan wannan batu, ku riƙa sa ranar da abin ya faru da irin aikin da mutum yake yi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.