Sharhi: Shin Sharaɗin Tsohuwar Makaranta Yana Bin Malami Har Ƙasar Waje?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi malaman makarantun kuɗi da ke haɗa kaya za su tafi koyarwa a Dubai, ko Saudiyya, ko ƙasar Sin.

Da yawansu sun sa hannu a takardar ɗaukar aiki cikin ɗoki, ba su ko leƙa shafin ƙarshe ba. Can ƙasa kuwa, da ƙananan haruffa, akwai sharaɗin da ya ce idan malami ya bar makarantar, ba zai yi wa kishiyarta aiki ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Ba ya tunawa da shi sai ranar da ya kai takardar ajiye aiki, mai makaranta ya jawo aljihun tebur, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Malam, ka manta da wannan?" To, shin igiyar nan tana da tsawon da za ta bi shi har ƙetare?

Galibi ba ta kaiwa. Kotu a Najeriya ba ta karɓar irin wannan sharaɗi sai ya yi daidai da hankali: tsawon wane lokaci, a wane yanki, kuma wace maslaha ce ta mai makaranta ake karewa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma ta taƙaita wa'adin, kada ya wuce shekara biyu. Yanzu don Allah, wace gasa ce tsakanin makarantar da ke Kano da wadda ke Sharja, maƙwabciyar Dubai? Ba ɗalibi ɗaya suke zawarci ba. Ko da mai makaranta ya yi nasara a kotun gida, sai ya sake ɗaukar lauya a can don a zartar da hukuncin, kuma kuɗin da zai kashe na iya fin abin da yake nema.

Sai dai kada malami ya saki jiki. Idan ya tafi da lambobin wayar iyayen yara, ya zauna a Dubai yana yi wa tsofaffin ɗalibansa darasi ta intanet, to ya shiga gonar tsohuwar makarantarsa, kuma nisan ƙasa ba zai wanke shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sabuwar takardar da zai sa wa hannu a can. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, dokar ƙwadago mai lamba 33 ta 2021, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2022, ta halatta sharaɗin a sashe na 10, muddin aikin yana ba ma'aikaci damar sanin abokan hulɗar mai aiki ko sirrinsa. Dole a fayyace lokaci da wuri da nau'in aikin, kuma kada ya zarce shekara biyu. Sashe na 83 na dokar ƙwadagon Saudiyya ma haka ya tanada, a rubuce. A can, makarantar da zai bari da wadda zai koma na iya zama a unguwa ɗaya, kotun tana kusa, izinin zaman malamin kuma a ɗaure yake da aikinsa. Wanda bizarsa ke hannun wani, da wuya ya iya ɗaga murya.

Ni a ganina, tsarin ƙasar Sin ya fi adalci a nan. Dokarta ta kwantiragin aiki da ta fara aiki a 2008 ta ce idan ka hana mutum aiki, to ka riƙa biyansa diyya duk wata har wa'adin ya ƙare. Ta kuma keɓe sharaɗin ga manyan jami'ai, da manyan ƙwararru, da waɗanda aka damƙa wa sirri. Malamin aji uku da ke koyar da Turanci, wane sirri yake riƙe da shi?

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mutanenmu suka fi sakaci da shi: a Saudiyya da Daular Larabawa, takardar kan zo da Larabci a gefe guda, Turanci a ɗaya gefen. Idan suka saɓa, na Larabcin alƙali zai bi. Malamin da Larabcinsa bai wuce na makarantar allo ba, ya nemi wanda zai karanta masa wancan gefen layi-layi tun kafin ya biya kuɗin jirgi.